Filin Amsoshinku: An kawo mana kwamfuta amma har yau muna kan takarda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a wani asibiti, sashen ajiye bayanan marasa lafiya. Bara wata ƙungiyar agaji ta kawo mana kwamfutoci da manhaja, akai mana bita aka raba alawus kowa ya watse. Yanzu wallahi aikin ninkuwa yayi, mu rubuta a rajista sannan mu sake shigarwa a kwamfuta, in babu wuta ko sabis sai aiki ya taru, wasu ma sun dena kunnawa kwata kwata. Dan Allah laifinmu ne ko dama abin ba na irin ƙasashenmu bane? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ku kaɗai bane. Tun a 2003 Farfesa Richard Heeks na Jami'ar Manchester a Ingila ya ƙiyasta cewa cikin ayyukan maida aikin gwamnati kan kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, kashi 35 cikin ɗari rushewa suke gaba ɗaya, kashi 50 suna tafiya da ɗingishi, kashi 15 ne kacal ake cewa sunyi nasara. Ƙiyasi ne kuma ya kwana biyu, amma dalilin da ya bayar har gobe yana nan: wanda ya zauna ya tsara manhajar wani ofis daban yake hangowa a ransa, ofis mai wuta dare da rana, mai intanet da baya yankewa, mai injiniya a ɗaki na gaba, alhali ke ofishin da kike zaune babu ko ɗaya a ciki. Iya nisan da ke tsakanin ofisoshin nan biyu, iya saurin mutuwar aikin.

Ba sai ƙaramin asibiti ba, ƙasa guda ma abin ya taɓa kunyata ta. A zaɓen Kenya na 2013 an kashe maƙudan kuɗi an sayo na'urorin tantance masu zaɓe, ranar zaɓe batir ya riƙa mutuwa, rumfuna da yawa ajin makaranta ne da ko soket ɗin caji babu, dole aka koma kan rajistar takarda.

Amma cewa abin ba namu bane, a'a ban yarda ba. Akwai manhajar DHIS2 da ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 ke tattara alƙaluma da ita, Jami'ar Oslo ta Norway ce ke kula da ita, tushenta daga Afirka ta Kudu ne, kuma a jihar Kerala ta Indiya aka fara aiki da samfurinta na biyu, wato DHIS2 ɗin, a 2006. Kyauta ce, ana iya cike bayani a waya ba sabis, in sabis ya dawo ya tafi da kansa, sannan abin da yafi burgeni sun dage wajen horar da ƴan ƙasa su iya gyara ta da kansu, ba sai an jira wani ya hawo jirgi ba.

Ku naku matsalar an baku doki ne ba a tanadi ciyawa ba. Ki samu shugaban sashenku ku tambayi waɗanda suka kawo muku kwamfutocin a rubuce, in ta lalace wa za'a kira kuma wa zai biya, kuɗin data da gyara ya shiga kasafin asibitin ko sai ƙungiyar ta ga dama, sannan yaushe za'a rage rubutun rajista. Wannan na ƙarshen shine mai wuyar, dan muddin takarda ce oga ke dubawa in yazo zagaye to takarda za'a riƙa cikewa, kwamfuta sai in an samu sarari. Kuma ku nemi a riƙa dawo muku da rahoton abin da kuka shigar, mutum bazai yi ta zuba bayani wata da watanni baya ganin inda yake zuwa ba.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan kamfanin rarraba kaya, wani yazo yana tallata min babbar manhaja wai zata haɗa sito da albashi da lissafi duka. In saya? (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Alhaji kar kayi gaggawa. Fara tambayar kanka wane waje ne kuɗi ke zurarewa yanzu, in sito ne to sito kaɗai zaka fara da shi, in ya zauna wata uku ko huɗu sai a ƙara na gaba. Dubi misalin M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya da kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007, da farko dan biyan bashin ƙananan rance aka gwada shi, sai aka lura mutane na turawa junansu kuɗi da shi, sai kamfanin ya bi abin da mutanen ke yi, da ƙaramar wayar da ke hannunsu da wakilai a unguwa. Amma shi dai wannan M-Pesa ɗin da aka kaishi Afirka ta Kudu inda akasari suna da asusun banki bai karɓu ba, kamfanin sadarwa na Vodacom da ya kaishi can ya rufe shi a 2016. Kafin ka sa hannu ka tambayi mai tallan ko kuɗin wata wata da dala ake biya, dan ranar da kuɗin ƙasa ya faɗi zaka ji a jikinka, kuma in kun rabu zaka iya kwashe bayananka ko sun zama nasa. Af, lambobin kwastomominka da ke WhatsApp ɗin yaranka ma ka maido su layin kamfani, yaro in ya bar aiki da su yake tafiya.

TAMBAYA: Me yasa ma'aikata ke ƙin sabon tsari ko da zai sauƙaƙa musu aiki? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ɗan'uwa wasu tsoro ne, kar a gane basu iya ba gaban yaran da ke ƙasa da su, waɗannan koyarwa cikin mutunci ta ishe su. Wasu kuwa sun iya sarai, fayil ɗin da ke ɓacewa sai an bada na goro shine abincinsu. Jihar Karnataka ta Indiya ta ga haka da ta maida bayanan filaye kusan miliyan 20 kan kwamfuta a shirin Bhoomi farkon shekarun 2000, a da akawun ƙauye ne ke riƙe da littafin, manomi sai yayi ta sintiri kafin ya samu takardar gonarsa. Gwamnatin jihar sai ta soke takardar da aka rubuta da hannu, ta ce wadda kwamfuta ta fitar kaɗai doka ta sani, daga nan manomi ya koma zuwa ofishin yanki ya biya ɗan kuɗin da aka ƙayyade a buga masa.