Ciyawar kiri-kiri ta bushe a tsakar gidana, in tumɓuke ta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara da damina na sa yara suka ɗebo min kiri-kiri daga bakin fadama na dasa a tsakar gida saboda ƙura ta ishe mu, kuma jikoki su samu wajen wasa. Ta yi kyau sosai wallahi, amma tunda hunturu ya shigo ta koma ruwan ƙasa, ta ƙarƙashin darbejiya kuwa ta ƙare ƙaf. Kullum da yamma ina yayyafa mata ruwa. In tumɓuke in sake dasa wata ne? Daga wata Hajiya a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki tumɓuke ta, ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi. Haka kiri-kiri take, in sanyin hunturu ya kama kuma ƙasa ta bushe sai ganyen ya ƙone amma ranta na can ƙasa cikin jijiya, ki ɗan tona da wuƙa ki gani, in kin tarar da fararen jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa kuma da ɗanyantaka a jikinsu to tana nan da ranta, ruwan farko na sauka za ki ga ta tashi kamar ba ita ba. Wannan juriyar ce ma ta sa ake shimfiɗa ta a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi, Turawa na ce mata ciyawar Bamuda, ana tattaka ta tana sake tohowa.

Inda kika yi kuskure shi ne yayyafin nan na kullum. Ruwan da bai wuce saman ƙasa ba yana sa saiwar ta tsaya a sama, rana na bugawa ta galabaita. Gara ki ba ta ruwa sau 2 a sati amma ki jiƙa ta sosai har ya ratsa ƙasa zurfin kamar taƙi ɗaya, kuma da sassafe. In ruwa na wahala a unguwarku ki ƙyale ta kawai ta kwanta har damina, sai dai ki sa ido kan gara don tana son busasshiyar ciyawa.

Maganar darbejiya kuma gaskiya ba ni da albishir. Kiri-kiri ba ta shiri da inuwa, tana son rana ta kai awa 6 ko fiye a yini, ko sau goma kika dasa a wurin haka za ta ƙare. Ni dai ba zan ce ki sare bishiya saboda ciyawa ba, inuwar nan ta fi amfani a watan Afrilu, ki zuba yashi ko tsakuwa a gindin ki sa tabarma.

In damina ta zauna, wajen watan Yuni, ki cike gurbin da ya yi sanƙo, ki yanko reshe mai gaɓa 3 ko 4 ki binne rabi, tazarar santimita 20 zuwa 30, ki danne da ƙafa. Ki barbaɗa takin awaki wanda ya ruɓe sosai, ɗanye yana zuwa da irin wasu ciyayi, ko takin zamani na NPK kaɗan ki bi shi da ruwa nan take don kar ya ƙona ta. Aya-aya da ƙarangiya ki cire su da hannu tun ba su yi 'ya'ya ba, musamman ƙarangiya tunda jikoki za su taka ba takalmi.

Ki dinga aske ta akai-akai, kar ki cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta lokaci guda, askin ne ke sa ta yaɗu ta yi kauri. Kuma in kina da fulawa ko 'yar gadina ta kayan miya a gefe ki jera bulo a binne tsakaninsu, don tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga, manoma sun san wahalar fitar da ita daga gona.