Kwamfuta ta tashi amma allo ya ƙi nuna komai: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonni da dama da suka zo a wannan karon a kan abu ɗaya suke: a kunna kwamfutar tebur, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na zaɓi guda biyar, domin duhun a ido iri ɗaya ne, amma kowacce da inda ciwonta yake.

Tambaya daga mai shagon buga takardu a Zariya:

"Malam, barka da aiki. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex a shago. Jiya lafiya ƙalau na kashe ta. Yau da safe na kunna, fanka na juyawa, fitilar gaba ta kama, amma allon sai ya rubuta No Signal ya yi duhu. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, wani kuma ya ce madabod ya mutu. Akwai ayyukan mutane a ciki, har da furojet na ɗalibai da ban buga ba. Mene ne abin yi?"

Malam, kafin komai, kada ka yarda a taɓa maka faifan ajiya. Maganar fomatin, wato goge duk abin da ke cikin faifan a sake sa Windows, ba ta taso ba sam. Idan ka danna maɓallin kunnawa, ba Windows ce take fara tashi ba. Akwai wata 'yar manhaja da ake kira BIOS, tana zaune a jikin madabod, wato babban farantin da duk kayan cikin akwatin ke haɗe da shi. Ita ce take fara duba furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), ta duba RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), ta duba sashen da ke fitar da hoto. Sai ta gamsu da su sannan ta nuna tambarin Dell, daga nan ne ta je faifai ta ɗauko Windows. Kwamfutar da ba ta nuna ko tambarin ba, ba ta ma kai ga faifan ba. To me ya haɗa wannan da goge ayyukan ɗalibai? Ina jin takaicin yadda ake saurin faɗa wa mutane wannan magana, domin fayilolin da aka goge a banza ba kasafai suke dawowa ba.

Rubutun No Signal ɗin nan kuma labari ne mai daɗi. Allon ne da kansa ya rubuta shi, ke nan yana samun wuta, fitilarsa na aiki, hoto ne kawai bai iso masa ba. Saura mu gano ko a hanya hoton ya tsaya, ko tun daga cikin akwatin bai fito ba.

Fara da hanya, ita ce ba ta cin ko sisi. Idan kebul ɗinka mai shuɗin kai ne, wato VGA, kwance sukurorin nan biyu ka zare shi, ka leƙa cikin kan a wuri mai haske. Za ka ga ƙananan allurai jere a layi uku, gurbin guda 15. Duba ko wata ta lanƙwashe ta kwanta a jikin 'yar'uwarta, wannan na faruwa idan an tura kan a karkace. Mayar da shi ka ɗaure sosai, ta ɓangaren allo da ta ɓangaren akwati. Sannan ka duba maɓallan da ke ƙasan allon ko gefensa, akwai na zaɓen mashiga. Allo mai ramin VGA da HDMI zai iya tsayawa yana jiran hoto ta HDMI alhali ta VGA ka haɗa shi; hannun mai goge ƙura kaɗai ya isa ya sauya wannan. In duk bai yi ba, ari kebul da allo a shagon maƙwabcinka na minti biyar. Idan nasa ya nuna, ka huta da buɗe akwati.

Idan nasa ma bai nuna ba, ga wani gwaji mai sauƙi. Bar kwamfutar a kunne kamar minti ɗaya, sai ka danna Caps Lock ko Num Lock a kibod mai waya. In 'yar fitilar tana kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka danna, kwamfutar ta tashi, hoton ne bai fita ba. In ko motsi ba ta yi, to tun a binciken farko ta maƙale. Dubi kuma fitilar maɓallin kunnawa. A yawancin OptiPlex na shekarun baya-bayan nan, fari na nufin lafiya, ruwan lemo kuma na nufin akwai matsala. Idan tana ƙiftawa, ƙirga: sau nawa, ta dakata, sau nawa kuma. Wannan ƙiftawar saƙo ne, kuma littafin bayanin samfurin da ke shafin Dell ya fassara kowane ƙirge. Wasu kwamfutocin ƙara suke yi, ƙit-ƙit-ƙit, maimakon ƙiftawa. Ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka kada ka ɗauki fassarar HP ka ɗora wa Dell.

Yanzu sai buɗe akwati. Zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, kashe soket kaɗai bai wadatar ba. Danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke ciki ta fita. Wani lokacin wannan kaɗai kan tayar da ita, don haka gwada kunnawa kafin ka ci gaba. In ba ta tashi ba, sake zare wayar, buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. A lokacin hunturu jiki na tara irin wutar nan da kan tsartar da mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta lalata ƙananan kayan ciki.

Nemi RAM: wasu siraran faranti ne dogaye, a tsaye kusa da fankar furosesa, da 'yan maƙalai a ƙarshensu. Danna maƙalan waje, farantin zai ɗago. Riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran nan masu ruwan zinariya. Samu kilina mai tsabta irin ta goge fensir, ka goga haƙoran a hankali gaba da baya har su yi haske, ka kakkaɓe ɓurɓushin tas. Hure ramin da abin hura iska, ba da baki ba, saboda yawu. Wajen mayarwa ka lura da 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran, ba a tsakiya take ba, fuska ɗaya kaɗai yake shiga. Danna ƙarshen biyu da ƙarfi daidai har ka ji ƙas, maƙalan sun rufe da kansu. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ji tsoron dannawa, su bar shi rabi a ciki rabi a waje. Idan faranti biyu ne, sa ɗaya kawai ka kunna. Bai yi ba, sauya ɗayan, sannan ka sauya rami. A irin ƙurar da muke sha da zafin da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, RAM ne nake fara zargi a duk kwamfutar da aka kashe lafiya ta wayi gari a haka.

Abu na ƙarshe da za ka iya yi da hannunka shi ne batirin madabod, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS. In ka lura kwanakin baya kwanan wata na rikicewa duk safiya, ya yi sanyi. Cire shi, jira minti biyar, ka sa sabo. Sai duk waɗannan sun gaza, an kuma gwada wani fawa-fak, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, sannan za a fara maganar madabod. Ko da hakan ta tabbata, ayyukan ɗaliban na nan: a zare faifan a haɗa shi da wata kwamfutar, ko a sa masa 'yar mahaɗar SATA zuwa USB, a kwashe komai.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Katsina:

"Mun tashi daga tsohon gida, na sake haɗa kwamfutata a sabon ɗaki, allo ya ƙi kawowa. A bayanta na ga wuri biyu da kebul zai iya shiga, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ko jijjigar mota ce ta lalata ta?"

Malama, ina kyautata zaton ba abin da ya lalace. Ramin da ke sama, cikin jerin ramukan USB da na lasifika, na madabod ne. Wanda ke can ƙasa shi kaɗai, na katin hoto ne da aka ƙara. A kwamfutoci da yawa, da zarar an sa katin hoto sai ramin sama ya daina aiki. Akwai ma furosesoshin da ba su da sashen hoto ko kaɗan, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu. Waɗannan ramin sama ba zai taɓa nuna komai ba. Ki kashe ta, ki mayar da kebul ƙasa, ki kunna. In bai kawo ba, to jijjigar ta ɗan ɗaga katin ko RAM daga mazauninsu, sai a zare a sake dannawa kamar yadda na bayyana wa mai tambayar farko.

Ƙarin abu ɗaya, ko da za ki sayi mahaɗa saboda ramin allo da na kwamfuta ba iri ɗaya ba ne: mahaɗar HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take bi. Wadda ke ɗaukar hoto daga kwamfuta mai HDMI zuwa allo mai VGA ba za ta yi aiki a juye ba. Ki faɗa wa mai kanti wane rami ne a kwamfuta, wanne ne a allo.

Tambaya daga ɗalibi a Maraɗi:

"Tawa tana nuna tambarin HP, ɗigogin Windows su yi ta juyawa, daga nan sai duhu. Wani lokaci ina ganin kibiyar maus tana yawo."

Ɗan'uwa, taka daban ce. Tunda tambari ya fito, allo da kebul sun fita daga zargi, RAM ma da wuya ya zama shi ne. Galibi matsalar a Windows take, direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa sashen hoto, ya rikice bayan sabuntawa. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B lokaci ɗaya. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, direban ya sake tashi. In shiru, danna Windows da P, domin mai yiwuwa tana tura hoton ne zuwa wani allo ko majigi da aka taɓa haɗawa. Gwada kuma Ctrl da Alt da Delete, ka ga ko shafin zaɓi zai fito.

Idan duk ba su yi ba, shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. A Windows 10 da 11, kunna ta, da zarar ɗigogin sun fara juyawa ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Maimaita haka sau biyu ko uku, za ta kai ka shafin gyara da kanta. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Daga ciki ka cire direban hoto ko sabuntawar da ta shiga a ƙarshe. Wannan kashewar dole ta wannan lalurar ce kawai, kada ta zama ɗabi'a. In kuma abin da allon ke rubutawa Out of Range ne, an saita girman hoton ya fi ƙarfin allon, a nan Safe Mode ɗin za ka rage shi.

Tambaya daga Yola:

"An kawo wuta da ƙarfi, na ji fas a bayan akwatin da warin ƙuna. Yanzu ko fanka ba ta motsi."

Alhaji, zare ta daga wuta, kada ka sake gwada kunnawa. Kusan tabbas fawa-fak ne ya ƙone, kuma sau da yawa shi kaɗai yake tafiya ya bar sauran kayan lafiya. Sauya shi ake yi, ba a buɗe shi a gida, domin akwai kayan da ke riƙe wuta mai haɗari a ciki ko bayan an zare waya. Idan Dell ce ko HP ƙarama, a je da tsohon kasuwa, don da yawansu mahaɗarsu ta kamfanin ce, ba kowane fawa-fak ke shiga ba.

Masu sayen tsofaffin kwamfutoci 'yan kwatano, ku duba bayan akwati kafin ku haɗa da wuta. Wasu na da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Amurka wutar bolt 120 take amfani da ita, tamu kuwa 230 ce. In aka jona yana kan 115, nan take zai ƙone. Shi kuma wanda ke aiki da janareta ko wutar da ke hawa da sauka, sitabilaiza ko UPS (na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ta fi sabon fawa-fak da madabod araha.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata 'yar'uwa a Kumasi:

"Ina jin sautin tashin Windows a lasifika, fitilar allon ma a kunne take, amma ba na ganin komai, ko No Signal ba ya rubutawa."

Hajiya, ki rufe labule, ki haska tocilar waya a jikin gilashin allon daf da shi, a ɗan karkace. In kin hango inuwar hotuna da rubutu dishi-dishi, hoton na isowa, fitilar da ke haska allon daga baya ce ta mutu, ko kuma sashen wutar da ke ciyar da ita. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Kafin ki kai gyara, ki tabbatar ba hasken aka rage har ƙasa ba ta maɓallan allon, kuma in allon mai adafta ne a waje, a gwada wata mai ƙarfi iri ɗaya. Masu gyaran talabijin suna gyara wannan, amma ki fara tambayar kuɗin aikin ki gwada da farashin allo na hannu mai girma ɗaya. Kafin nan, in talabijin ɗin gidan na da ramin HDMI ko VGA, ki haɗa kwamfutar da shi ki ci gaba da aikinki.