Amsa ga ɗan'uwanmu da ya yi tambaya kan masu ƙaryata Big Bang

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyo a YouTube wai hotunan James Webb, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, sun rushe Big Bang, wato ra'ayin cewa samaniya ta faro a matse da tsananin zafi tana ta faɗaɗa, kana tambaya ko ka yarda. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ramin da na afka ke nan a 2022.

Hotunan farko sun fito a watan Yuli, na kwana ina kallon irin bidiyoyin nan. Ana haka aka yi taron malaman kimiyya a nan Jos, na miƙe na ce samaniya ba faɗaɗa take yi ba, hasken taurari masu nisa ne ke gajiya a hanya, shi ya sa ake zaton suna nisantar mu. Wani babba a cikinmu, ba zan kama sunansa ba, bai bari na dire ba. Ya ce, "Malam, a teburin mai shayi ka koyo wannan?" Aka bushe da dariya, har da waɗanda na koyar. Duk sanyin damina na Jos, gumi ne ke keto mini. Da ƙafa na taka har Terminus ban san na iso ba. Mutumin nan ya san amsa, amma ya zaɓi ya ci mini fuska. Har yau in mun haɗu, gaisuwar sama-sama ce.

Da ya zauna ya ce mini masani Fritz Zwicky ne ya kawo maganar gajiyar haske tun 1929, aka gwada ta ta faɗi, da na gode masa. Fashewar taurari masu nisa a hankali muke ganin tana gudana, daidai yadda faɗaɗar ta nuna. Gajiyar haske ba ta iya bayyana wannan. Ga kuma ɗumin da ya rage daga zafin farkon samaniya, wanda masana Penzias da Wilson suka sanar a 1965, yana zuwa ta kowace kusurwa; awon yau ya nuna wajen digiri 2.7 ne a ma'aunin Kelvin, mai farawa daga ƙarshen sanyi. Ɗumin nan ne ya kayar da ra'ayin Fred Hoyle na 1948 cewa samaniya ba ta da mafari, kuma Hoyle ba ƙaramin masani ba ne.

Webb kam ya ga tarin taurari masu haske da wuri fiye da zato. Wannan gyara ne ga fahimtar yadda suka samu, bai taɓa faɗaɗar ba.

Kada kuma ka yi wa duk masu saɓa wa ra'ayin da aka sani kuɗin goro. Masani Milgrom ya kawo MOND, wato gyara ga dokokin Newton na motsi da jan nauyi, a 1983 da lissafinsa a fili. Ta dace da juyawar tarin taurari, ta yi tuntuɓe a manyan gungunsu, har yanzu ana muhawara. Irin wannan ka karanta. Wanda kuwa ba shi da lamba ko ɗaya sai "suna ɓoye muku gaskiya", ka tambaye shi me zai ce da ɗumin nan na 2.7.

Kuma don Allah, malaman da ke zauren nan, in yaro ya zo da tambaya irin wannan kada ku kunyata shi. Ni wata shida na yi ban sake buɗe baki a taro ba.