Amsa kan ƙarfen gyaran muƙamuƙi

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 12 haɓarsa ta shige ciki, likita ya ce a sa masa ƙarfen da ba a cirewa, kina tambaya ko a bari sai ya girma. Don Allah kada ki jira. Yanzu ƙashinsa ke tsawo, lokacin da ƙarfen ya fi amfani ke nan. In girma ya tsaya, gyaran ƙashin yakan koma sai tiyata.

Wataƙila irin Herbst likitan ke nufi. Ana manna shi a turamen haƙora, da 'yan sanduna biyu a gefe da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba dare da rana, yawanci wata 8 zuwa 12. Amfanin rashin cirewar shi ne, kin san yara, wanda ake cirewa a aljihu yake kwana.

Amma ki sani, yawancin gyaran a haƙora yake fitowa, haɓar kaɗan take matsowa.

Makon farko zai sha wuya: kumatu su yi ciwo, tauna ta gagara. Ki ba shi kunu, fate da tuwo mai laushi, banda rake da aya. Ki tsaya masa kan goge baki, abinci na maƙalewa a ƙarfen. Allah ya ba shi lafiya.