Kawu, ga dalilin da ya sa ba ma rataya hoton ɗan siyasa a shago

Kawu, ka ce Katsinawan da muka zauna a Maraɗi mun cika noƙewa a siyasa, alhali wasunmu har jikoki sun haifa a nan. Ba tsoro ba ne. Mun dai ga yadda jam'iyya ke darewa gida biyu, kuma ɗan kasuwa ba ya son ya wayi gari shagonsa yana ɓangaren da aka kayar.

Da jam'iyyar CDS-Rahama Mahamane Ousmane ya ci zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 1993. Cheiffou Amadou, ɗan Kornaka a nan jihar Maraɗi, jigo ne a cikinta. Da suka raba gari, sai ya kafa RSD-Gaskiya a 2004, mutanensa suka bi shi. A fada guda, waɗanda jiya suke shan shayi a buta ɗaya, yau kowa ya ja bencinsa gefe. Shi kansa Ousmane daga baya rigima da Abdou Labo ta raba shi da jam'iyyar da ya kafa.

Rigimar MNSD-Nassara, jam'iyyar shugaba Tandja, ta fi ciwo. Hama Amadou ya riƙe wa Tandja firaminista tun 2000, kowa ya ɗauka shi ne magaji. A 2007 majalisa ta kifar da gwamnatinsa, a 2008 yana kurkukun Kutukale, a 2009 aka buga gangar tazarcen Tandja. Nan kuwa a lokacin zaɓen shugaban ƙasa kan kai zagaye na biyu, to dole a yi rabon kujeru da baki kafin ƙuri'a. Hama ya mara wa Mahamadou Issoufou baya a zagaye na biyun 2011, aka ba shi shugabancin majalisa. Kafin 2013 ta ƙare sun zama abokan gaba. Ai ku ma kun ga Kwankwaso da Ganduje, ba sai na ja ba.

Don haka a da, in tawagar kamfe ta zo, dattijonmu ne ke tarbarta: tabarma, ruwan sanyi, addu'a, wani lokaci ɗan kuɗin mai. Gobe ta ɗaya ɓangaren ta zo, tabarmar nan dai ake shimfiɗawa. Ranar ɗaurin aure kowa ana kai masa goro. Yaranmu da aka haifa nan kan yi gardama, su ce su 'yan ƙasa ne, kuma gaskiyarsu. Sharaɗinmu kawai kada hular jam'iyya ta shigo shago. Tun da sojoji suka rushe jam'iyyu a 2025, gardamar ma ta lafa.

A gaida su Inna.