Sitiyarin da ake murzawa a fuskar waya: akwai mai shi?

Tambaya: Ina haɗa wasan tseren mota na waya, inda mai wasa zai ɗora yatsa a kan allo ya ja dama ko hagu motar ta karkata. Wani abokina ya ce manyan kamfanoni sun riga sun yi wa wannan rajista, za su iya maka ni a kotu. Da gaske ne?

Amsa: Abokinka bai yi ƙarya ba, amma ya faɗaɗa maganar. Takardar mallakar ƙirƙira, wato patent, ba ta ba kowa "tuƙi da yatsa" ɗungurungum. Abin da take karewa shi ne jerin da'awoyi masu lamba da ke ƙarshenta. A ce da'awa ta farko ta lissafa abu uku: inda yatsa ya fara sauka ya zama cibiya, nisan da ya yi daga cibiyar ya zama kwanar sitiyari, cibiyar kuma ta riƙa bin yatsan idan ya wuce iyaka. Sai wasanka ya haɗa ukun kafin a ce ka taka. Idan cibiyarka kafaffiya ce a tsakiyar allo, ka fita daga da'awar, sai dai kotu kan duba ko sauyin naka na gaske ne ko fenti kawai ka sake.

Nan ne masu haɗa wasa suka fi tuntuɓe: sun saba da haƙƙin mallakar rubutu da zane, wato copyright, inda "ban kwafa ba" hujja ce. A nan ba hujja ba ce. Ko ba ka taɓa jin labarin takardar ba, tana iya hawa kanka.

An kuwa yi shari'o'i. A 2003 Sega ta kai ƙarar Fox Interactive da Electronic Arts da Radical Entertainment kan wasan The Simpsons: Road Rage, saboda kibiyar nuna hanya irin ta wasan Sega mai suna Crazy Taxi, aka sasanta a wajen kotu. Wadda ta fi kusa da tambayarka ita ce ƙarar da Nintendo ta shigar kan kamfanin wasanni na Colopl a Tokyo a ƙarshen 2017, wadda ta haɗa da sarrafa wasa ta taɓa allo. Colopl ta biya yen biliyan 3.3 a 2021. A ganina da yawa cikin irin waɗannan takardu ba su da nauyi, amma kuɗin rusa su a kotu ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani.

Abu biyu na gefenka. Wa'adin takarda shekara 20 ne daga ranar shigar da ita, don haka takardun farkon zamanin Nintendo DS, na'urar wasa ta hannu mai allon taɓawa, wato 2004 da 2005, sun kai ƙarshe, ko da yake Amurka kan yi ƙari idan ofishinta ya yi jinkiri. Sannan takardar Japan a Japan take aiki. Matsalar ita ce Play Store na kai wasanka duk ƙasar da ka zaɓa.

Saboda haka ka shiga Google Patents ko Espacenet, shafukan binciken irin waɗannan takardu, ka nemo su, ka tsallake zane-zane ka karanta da'awa ta farko, ka duba ranar shigarwa da ko an ci gaba da biyan kuɗin sabuntawa. Wadda ka tarar da rai kuma ta yi kama da naka, kai wa lauyan da ya san fannin kafin ka buɗe wasan a ƙasarta.