Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Ƙara wa Mota Mai Turbo Ƙarfi

Assalamu alaikum. Ina da Golf 5 GTI ƙirar 2007, 'yar Kwatano, na kusa shekara da ita a Kano. Na tara kuɗi ina so in cire turbo ɗinta in ɗora babba, K04, wanda aka ce yana kai ta ƙarfin doki 300. Makanikena ya ce aikin kwana biyu ne. In saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka saya tukuna. Motar da ke hannunka mota ce mai kyau, kuma ina so ta daɗe a hannunka, shi ya sa zan tsawaita a kan wannan.

Injin 2.0 TFSI da ke cikinta ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 200, da ƙaramin turbo K03. Shi K04 da kake magana shi ne aka ɗora wa Audi S3 ta wancan zamanin mai doki 265, kuma gaskiya ne yana iya kai Golf 5 wajen 300. Sai dai ba ya tafiya shi kaɗai. Yana buƙatar manyan nozul irin na S3, da famfon mai da aka ƙarfafa cikinsa, da na'urar sanyaya iskar da turbo ya matsa wadda ta fi ta yanzu, da kuloci mai ƙarfi idan motar manuwal ce, sannan a sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar motar. Wanda ya ce maka kwana biyu, kuncewa da ɗaurawa kawai ya ƙirga.

Ka fara gane abin da turbo yake yi. Hayaƙin salansa ne ke juya shi, juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, shi kuma ya danna iska cikin injin. Iskar da aka matsa zafi take yi. A ranar da Kano ta kai digiri 40 cikin watan Afirilu, iskar da ta fito daga turbo a matsin "bar" 1 (ma'aunin matsin iska) tana iya haura digiri 120. Idan ta shiga silinda da zafinta, fetur sai ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a hankali bayan fulogi ya kunna shi. Wannan fashewar ce ke fasa bakin fistin da zobensa. Lissafin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a Turai an gina shi ne a kan fetur mai lambar okten 95 ko 98, wato mai juriyar wannan fashewar, da kuma iska mai sanyi. Mu a nan fetur iri ɗaya ke gidan mai, ba ka da zaɓi, kuma ingancinsa yakan bambanta daga wannan famfo zuwa wancan. Saboda haka duk wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar motarka, ka tambaye shi ko zai hau motar da kwamfuta ya duba yadda injin ke ja da baya da lokacin wuta, da man da kake sha, a zafin garinku. Idan fayil kawai zai zuba ya miƙo maka makulli, ka nemi wani.

Kuɗin da ka tara ga inda nake so su fara zuwa. A ƙarƙashin famfon mai na saman injin akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai kama da murfin kwalba, wanda ƙashin kyam, sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, ke gogawa. Wannan shi ne raunin injin nan da kowa ya sani. Idan ya huje yakan ci kyam ɗin ya kuma lalata famfon, alhali shi kansa bai kai kuɗin taya ɗaya ba. A buɗe a duba, a sa sabo, kuma ka riƙa dubawa duk bayan canjin baƙin mai biyu. A canza bel ɗin taimin da famfon ruwa idan ba ka san ranar da aka taɓa su ba. A auna matsin kowace silinda. A duba bawul ɗin da ke mayar da iska a jikin turbo, domin tsohon samfurinsa roba ce a ciki kuma takan yage, mota ta rasa ƙarfi mai ita ya ɗauka turbo ne ya gaji. Da yawa daga masu neman babban turbo ba su taɓa jin cikakken ƙarfin ƙaramin da suke da shi ba. Idan giyarka DSG ce, wato otomatik mai kuloci biyu, man giyar na son canji duk kilomita 60,000. Sannan ka leƙa ka gani ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci da zarar sun sauka. A mayar da shi, a zubar da ruwan famfo daga lagireto a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya.

Bayan wannan sai na'urar sanyaya iska. Ta Golf 5 tana matse ne tsakanin lagireto da kwandensar esi, ƙurar hunturu kuma tana toshe su duka ukun. A wanke su, in hali ya yi a sa irin ta S3, wadda ke zama a gurbin ba tare da yanka ba. Sai burki da taya. Daga nan lissafi mai sauƙi a kan K03 ɗinka zai ba ka wajen doki 240, kuma a motar da tayoyin gaba kaɗai ke ja, wannan ma sai ka koyi riƙe ƙafa. Ka yi wata shida a haka. In har yanzu ranka na kan K04, ka sake rubuto min.

*

Malam, ni a Kaduna nake. Ina so a ƙera min bututun salansa daga bakin turbo da kuma bututan iska a Panteka, maimakon in yi oda daga waje. Abokaina suna cewa aikin gida ba ya ƙarko. Mene ne gaskiya?

Ban yarda da abokanka ba. Akwai hannaye a Panteka da za su iya wannan aikin, kuma abin da aka auna a jikin motarka yakan fi zama daidai a kan kayan oda masu araha da ke zuwa ramin noti bai hau ba. Abin da ke kashe aikin gida shi ne ƙarfen da aka zaɓa da irin waldar da aka yi, kuma duka biyun kana da ikon sa baki.

Hayaƙin da ke shiga turbo na injin fetur yana kai digiri 900. Ƙarfe a nan kullum cikin miƙewa da tsukewa yake. Bututun ruwa mai rufin tutiya bai dace ba ko kaɗan, hayaƙinsa lokacin walda ma cuta ne ga mai aikin. Ka nemi sitenles mai lamba 304. Ka tafi da maganaɗisu: a miƙaƙƙen bututu 304 ba ya kama shi sosai, wanda ya manne ƙam kuwa wani abu ne daban. Walda kuma ta iskar agon ce ake so, wadda ake kira TIG, kuma mai aikin ya cika cikin bututun da agon yayin da yake ɗinkewa. Idan bai yi haka ba, bayan waldar ta ciki takan yi ƙuraje baƙaƙe, nan ne tsagewa ke farawa. Ka roƙe shi ya haɗa maka guntaye biyu na gwaji, ka haska cikin da tocila. Gwani ba ya jin haushin wannan.

A sa gaɓa mai lanƙwasa a bututun, domin inji yana motsi salansa kuma a rataye take, in babu ita dukan wahalar a wuyan turbo za ta ƙare. A bar gurbin sensar hayaƙi yadda yake. Duk tiyo ko wayar da ta kusanci bututun a kare ta da faranti.

Bututan iska kuwa na alminiyam ne, kuma a yi wa bakin kowanne ɗan tudu zagaye don tiyo ya samu abin kamawa. Bututu mai santsin baki zai fice ne daidai lokacin da ka taka mota za ka wuce tirela. Kada kuma a faɗaɗa su fiye da kima, don iska sai ta cika su kafin ta isa inji.

Abu ɗaya da na gani da idona ya dame ni: wani matashi ya kawo min mota tana tuƙa shuɗin hayaƙi, ya riga ya sayi turbo na biyu bisa shawarar wanda ya haɗa masa na farko. Da muka ɗaga ta, sai ga bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo an huda masa ƙasan tukunyar mai, ƙasa da inda man yake tsayawa. Man nan da nauyinsa kawai yake gangarowa, ba famfo ke tura shi ba. Ya rasa hanyar fita, ya koma cikin salansa. Turbo na farko lafiyarsa ƙalau. Idan aikinka ya taɓa wannan bututun, ya zama mai faɗi, ya gangaro ba lanƙwasa, ya shiga sama da matakin mai.

*

Ina da Camry 2008 mai injin 2.4. Zan iya ɗora mata turbo na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa?

Za a iya ɗaurawa, amma ba zan ba ka shawarar haka ba, ƙanena. Injin 2AZ-FE an yi shi ne don sauƙin mai da doguwar tafiya, matsin silindarsa ya doshi 10 bisa 1, kuma na waɗannan shekarun an san su da shan baƙin mai ta zoben fistin. Kwatanta da 2JZ-GTE na Supra, wanda Toyota ta gina don turbo tun farko: gangar jikin ƙarfen zubi, matsi 8.5 bisa 1. Ƙwaƙwalwar Camry ba ta san iskar matsi ba, nozul ɗinta ƙanana ne, giyar otomatik ɗinta ma ba a yi ta don wannan nauyin ba. Kafin ka gyara duk waɗannan ka kashe abin da zai saya maka motar da aka haifa da turbo. Camry ɗinka tana da kasuwa muddin ba a taɓa ta ba.

*

Ina son ƙarar nan ta "fishh" idan an saki totur. Kuma an ce in cire indomi mota za ta ƙara gudu.

Bawul ɗin da ke wannan ƙarar waje yake zubar da iska. A motar da ke auna iska da sensa a bayan iyakilina, irin su Golf 5, ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙirga wannan iskar ta zuba mata fetur. Idan aka zubar da ita man sai ya yi yawa, mota ta riƙa shaƙewa tsakanin giya da giya, fulogi ya yi baƙi. Doki ko ɗaya ba ya ƙaruwa. Ka bar bawul mai mayar da iskar ciki.

Indomi kuwa, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ina roƙonka ka bar shi. Shi ke ƙone gubar hayaƙi kafin ta fita, kuma masu shaƙar ta a cunkoso su ne 'yan talla da masu Keke Napep da yaran da ke bayan motarka. Idan za ka faɗaɗa salansa, akwai indomi mai faɗin ƙofofi da ake yi don motocin da aka ƙara wa ƙarfi, a sa shi a sabon bututun. In kuma wani ya nace sai an cire maka naka kyauta, ka sani akwai filatinam da faladiyam a cikinsa, kuma ana sayensa da tsada. Ka tsaya a kan motarka har a gama aiki.